Edita, ƙasar da ba ta kai Sabon Gari yawan jama'a ba ta ci zinare, mu fa?

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da duk abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan sammin fili in yi wani ƙorafi da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma ƙorafin nawa kai tsaye ya shafi shafinku na wasanni ne. Ni malamin wasanni ne a wata sakandare a nan Zariya, irin wanda yara ke kira gems masta, kuma na jima ina karanta jaridar nan, to abin da na lura dashi shi ne in ka buɗe shafin baya ba abin da za ka gani sai Firimiya da Laliga, wane ya koma Madrid, wane Arsenal na zawarcinshi, an kori kocin kaza. Ban ce laifi ba ne, ni ma ina kallon ƙwallo. Amma in gasar Olamfik ta zo ko ta Kwamanwel ko ta ƙasashen Afirka sai ku kawo mana saman teburi kawai, Amurka ta ci zinare 40 Chana ta ci 40, sai a ƙasa a ce Najeriya ta dawo hannu rabbana, shikenan an rufe babi sai kuma bayan shekara huɗu. Ƙananan ƙasashen nan da ke zuwa da mutum huɗu ko biyar su koma gida da lambar yabo ba wanda ke ba mu labarinsu da Hausa, alhali wallahi su ne ya kamata mu zauna mu yi nazari a kansu, don Amurka ba sa'armu ba ce a kuɗi da kayan aiki, amma waɗannan ba abin da suka fi mu dashi wanda kuɗi ke saya.

Bari in fara da daren 3 ga Agusta 2024 a gasar Olamfik ta Faris. Ana ruwan sama, aka jera mata takwas a gudun mita 100, idon kowa na kan Sha'Carri Richardson ta Amurka tunda ita ce zakarar duniya a lokacin. Ana harba bindiga wata yarinya mai suna Julien Alfred ta fita kaman an cillo ta, ta gama a sakan 10.72, ba wadda ta ko matso kusa da ita. Ƙasarta Sent Lushiya, wani ɗan tsibiri ne a yankin Karebiyan mai mutum wajen dubu 180, kuma zinaren nan da ta ci shi ne lambar Olamfik ta farko da suka taɓa samu a tarihinsu, ƴan wasa huɗu kacal suka kai Faris. Edita ka duba fa, ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Zariya kaɗai mutum sama da dubu 400, ba a sa Sabon Gari ba, ba a sa Giwa da Soba ba, kuma yau shekara nawa da wannan ƙidayar. Wato in ka kwashe duk mutanen Sent Lushiya ka zuba su tsakanin Kwangila da Samaru ba za su cika wurin ba. Kwana uku bayan nan yarinyar ta ƙara da azurfa a mita 200.

A wannan daren dai, a filin nan dai, Thea LaFond ta Dominika ta yi tsallen taki uku na mita 15.02 ta ɗauki zinare. Dominika mutum wajen dubu 70 ne, kuma a lokacin ko filin gudu na roba guda ɗaya babu a duk ƙasar, ita da bakinta ta roƙa a gina wa yara. Bayan kwana biyar Letsile Tebogo na Botsuwana ya cinye mita 200 a sakan 19.46, ɗan Afirka na farko da ya yi hakan, yaron da mahaifiyarshi ta rasu wata uku kafin gasar, ya rubuta ranar haihuwarta a jikin takalminshi ya ɗaga wa kyamara. Shugaban ƙasarsu ya ba da hutun rabin yini. Giranada mai mutum dubu ɗari da ɗoriya ta samu tagulla biyu, ɗaya a jifan mashi, dama kuma suna da Kirani James da ya ci zinaren mita 400 a Landan 2012 ya ƙara da azurfa a 2016 da tagulla a Olamfik ta Tokiyo a 2021. Kef Bad da ke nan yammacin Afirka ta samu lambarta ta farko a dambe. In ka koma Tokiyo kuwa, San Marino mai mutum dubu talatin da ƴan kai ta je da ƴan wasa biyar ta dawo da lambobi uku.

Mu kuma fa? Mun kai mutum 88 Faris a wasanni 12, gwamnati ta ce ta saki naira biliyan 9 na Olamfik da biliyan 3 na gasar nakasassu, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, ko tagulla ɗaya ba mu gani ba, kaman yanda aka yi a Landan 2012, har sai da ministan wasanni na lokacin John Enoh ya fito ya ba ƴan ƙasa haƙuri. Kuma abin da ya fi ƙona min rai ba rashin lambar ba ne, yanda aka rasa ta ne. Favour Ofili ta cika duk sharaɗin shiga gudun mita 100, wannan gudun dai da Julien ta ci, amma aka wayi gari ba a yi mata rajista ba, sunanta bai shiga ba. Ta yi mita 200 ta kai fainal ta zo ta shida, tana gamawa ta fashe da kuka gaban ƴan jarida. Mai tseren kekenmu Ese Ukpeseraye sai da ƴan tim ɗin Jamus suka ara mata keke. A Tokiyo kuma ƴan wasanmu goma aka hana shiga gasa saboda ba a yi musu adadin gwajin ƙwayoyi da doka ta ce a yi ba kafin tafiya, ba wai an kama su da laifi ba, a'a, aikin ofis ne ba a yi ba. Cikin goman nan akwai Annette Echikunwoke mai jifan guduma, ta yi fushi ta koma wa Amurka, a Faris ta ci musu azurfa. Salwa Eid Naser da ta ci wa Baharen azurfa a mita 400 a Najeriya aka haife ta. To ka ga ba ƙafa muka rasa ba kuma ba ƙarfi muka rasa ba.

In ba don ƴan matan ƙwallon kwando da suka kai zagayen kwata fainal ba, wanda ba wata tim ta Afirka maza ko mata da ta taɓa kaiwa, da kuma nakasassunmu da suka dawo da lambobi bakwai harda zinare biyu a ɗaga nauyi, da ba mu da abin ɗaga kai a shekarar nan sam. Su ma nakasassun layi nawa aka ba su a jarida?

Ni dai abin da na fahimta, bayan na daɗe ina bin labarin ƙasashen nan da ɗan datan da nake iya saya, shi ne ƙaramar ƙasa ba ta yarda yaro ya ɓace mata. Kaman manomi ne mai ƴar gona a bayan gida, kowace shuka ya san ta, in ɗaya ta fara yaushi da safe kafin la'asar ya gani ya kai mata ruwa, mu kuwa gandu gare mu har ba mu san iyakarshi ba, shi ya sa rabin amfanin ke lalacewa a ciki ba wanda ya ma sani. Ka duba tafiyar Julien ɗin nan. Tana ƙarama ba takalmi take gudu a kan ciyawa, tana tsere da maza a makaranta, malamai suka lura da ita aka haɗa ta da koci. Tana shekara 12 babanta ya rasu ta ce ta bar gudu, kocin nan ya bi ta har gida ya lallashe ta ta dawo. Tana 14 aka tura ta sakandare a Jamaika, daga nan jami'ar Texas a Amurka ta ɗauke ta. A 2017 ta ci zinare a gasar matasa ta Kwamanwel, a 2018 azurfa a Olamfik na matasa, a 2022 azurfa a gasar Kwamanwel ta Bamingam, a farkon 2024 ta zama zakarar duniya a mita 60 na cikin ɗaki. Mataki mataki, kuma a kowane mataki akwai wani babba da ya riƙe hannunta ya miƙa ta ga na gaba. Wani zai ce ai a waje aka horar da ita, ita ma Thea a Amurka ta girma. Eh gaskiya ne, kuma ba abin kunya ba ne, ƙasar da ta san ba ta da kayan aiki ta nemo inda yake ta kai ɗanta, ta kuma riƙe zumunci dashi yanda in ya tashi ɗaga tuta tata zai ɗaga. Mu namu in suka fita sai dai mu gansu da rigar wata ƙasa.

Jamaikan da aka kai Julien kuwa sirrinsu ba ɓoyayye ba ne, gasar makarantun sakandare ce da suke kira Champs wadda aka fara tun 1910, duk shekara babban filin wasa na Kingston cika yake maƙil, ana nunawa a talabijin, tsofaffin ɗalibai na zuwa da rigar makarantarsu, masu neman ƴan wasa daga jami'o'in Amurka na zaune da biro da takarda. Usain Bolt ta nan ya biyo. Sannan duk tsibiran yankin suna da gasar matasa ta haɗin gwiwa mai suna Carifta tun 1972. Yaro ɗan shekara 15 a can ya riga ya saba da taron mutum dubbai da ƙarar bindigar tashi.

Yanzu bari in faɗa maka yanda namu intahaus ɗin yake, wato gasar wasanni ta cikin makaranta, don wannan da idona nake gani. Ana saura kwana kaɗan za a ce mana an amince a yi, ba kuɗin fenti sai mu aiki yara gidajen masu tuwo da masu ƙosai su roƙo toka, da ita muke ja layi a fili, igiya ɗaya mutum biyu su ja, wani ya bi da gwangwani yana zuba tokar, in iskar hunturu ta taso kafin azahar rabin layin ya tafi. Mita ɗarin ma da taku muke aunawa in tef ɗin ya ɓace. Agogon gudu wayata ce. Ramin dogon tsalle mu ke haƙawa mu nemo yashi a baro. Wurin tsallen sama kuwa buhunan da aka cusa wa ɓuntun shinkafa muke shimfiɗawa, wani lokacin ma sai dai a soke shi don kar yaro ya karye. Ranar taro a kafa rumfa, a kawo manyan baƙi, a yi fareti, a ɓata awa biyu ana jawabi yara na tsaye a rana, sai can a yi gudun a gurguje don babban baƙo zai tafi. Wanda ya zo na ɗaya a ba shi bokitin roba da sabulu biyu, na biyu kofi da faranti. Shikenan. Ba wanda ya rubuta lokacin da yaron ya yi a wani littafi da za a adana, ba gasar shiyya da zai wuce, ba ta jiha, ba wanda zai zo daga Kaduna ya ce ina yaron nan da aka ce.

Akwai wata yarinya da ba zan manta da ita ba, ƴar aji biyu a ƙaramar sakandare, siririya, daga wani ƙauye take zuwa a ƙafa kullum. Ranar gwaji ta cire silifas ɗinta ta ajiye a gefe, ta ɗaure hijabinta a ƙugu ta bar ɗankwali, da dogon wando a ƙarƙashin siket, na busa usur, wallahi Edita kafin ƴan babban aji su ankara ta ba su tazarar da ko a mita 400 ba a cika gani ba, kuma ta iso ko haki ba ta yi sosai, tana dariya tana rufe baki da hannu. Ƙafarta ba ta dukan ƙasa, taɓawa kawai take ta wuce, abin da koci ke shekara yana koya wa mutum ita da shi aka haife ta. Na rubuta takarda na kai inda ya kamata in kai, aka ce in dawo, na dawo aka ce mai sa hannu ba ya nan, daga baya aka ce ba kasafi. Zangon gaba ban gan ta ba, na tambaya aka ce an cire ta tana taya uwarta talla. Ban ce lallai da ta zama Julien ba, Allah kaɗai ya san wannan, amma ko dama ba ta samu ba balle a gani. Kuma duk wani gems masta daga Tudun Wada har Shika in ka tambaye shi yana da irin labarin nan, wani ma ya fi nawa ciwo.

Filayen ma ƙarewa suke. Makarantu masu zaman kansu da yawa gidan haya ne mai ɗaki shida, ko inda za a yi asambuli babu balle fili. Na gwamnati kuma wasu an yanka gefen filin an yi shaguna, wasu an mai da shi hanya, wasu juji.

Abu na biyu da na koya daga ƙananan ƙasashen nan shi ne ba sa rarraba hankali. Kosobo sai a 2014 aka karɓe ta a kwamitin Olamfik, mutanenta ba su kai miliyan biyu ba, amma a 2016 Majlinda Kelmendi ta ci zinare a judo, a Tokiyo suka ci zinare biyu, a Faris azurfa da tagulla, duka a judo, kuma duka daga hannun koci ɗaya Driton Kuka a wani gari mai suna Peja. Gari ɗaya fa, ɗakin horo ɗaya. Fiji ba ta kai mutum miliyan ɗaya ba, ta riƙe ƙwallon zari-ruga ta mutum bakwai ta ci zinare a 2016 da Tokiyo, har takardar kuɗi ta dala 7 suka buga don tunawa. Botsuwana ta riƙe gajeren gudu da mita 400, tun azurfar Nijel Amos a mita 800 a 2012 suke ginawa, ga shi a gasar duniya ta 2025 a Tokiyo sun doke Amurka a gudun miƙa sanda na mita 400 sau huɗu. Kuma ba sai mun tsallaka teku ba ma, ga Bayelsa nan mai ƙananan hukumomi takwas kacal. Kokawar gargajiya ce al'adarsu, ɗansu Daniel Igali ya ci wa Kanada zinare a Sidni 2000, ya dawo gida ya shugabanci hukumar kokawa ta ƙasa, aka ɗauki yaran da ke kokawa a dandali aka koya musu ta katifa, sai ga Blessing Oborududu ta kawo azurfa daga Tokiyo, lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu a kokawa.

To mu a ƙasar Zazzau me muka rasa? Kokawa tamu ce tun kaka da kakanni, bayan girbi kowane ƙauye da dandalinshi. Dambe namu ne, ƴan damben nan da ke cika gida a bar wasu a waje, a cikin yaran da ke bin su suna riƙe musu zare akwai wanda in aka sa mishi safar hannu tun yana ɗan shekara 12 aka koya mishi amfani da hannu biyu da kare fuska ba ƙaramin abu zai zama ba. Langa da muka yi muna yara, ƙafa ɗaya a hannu kana tsalle kana ture abokin karawa, ai takin farko na tsallen da Thea ta ci zinare dashi kenan, ƙarfin cinya da daidaita jiki. Wanda ya ci wa Burkina Faso lambarta ta farko a Tokiyo, Hugues Fabrice Zango, a wannan tsallen ya ci, kuma mutumin har digirin dakta gare shi a injiniyan lantarki, don masu cewa wasa na hana karatu su ji. Ka tsaya bakin hanyar Jos ko ta Funtuwa da sassafe ka ga samarin da ke turo keke da lodin rake ko itace daga ƙauye, ka ga ƙwaurinsu, ka tuna ɗan Iritiriya Biniam Girmay da ya ɗauki koriyar riga, ta wanda ya fi kowa tara maki, a tseren keken Faransa na 2024. Ga maharbanmu masu baka da kibiya, ƙasar Butan da wannan take zuwa Olamfik. Ban ce a kama duka ba, abin da nake cewa kenan ma, a zauna a zaɓi biyu, ni a nawa ganin kokawa da gudu, a ce nan da shekara goma ba abin da za a sa a gaba sai su.

Maƙwabtanmu na Nijar ma sun isa misali. Issaka Dabore ya ci musu tagulla a dambe tun 1972 a Munik, sai a 2016 Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya kawo azurfa a takwando daga Riyo, shekara ta gaba ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu. A shekarar 2016 ɗin nan mu tagulla ɗaya muka samu, ta ƙwallon ƙafa, wadda Umar Sadiq ɗan Kaduna ya ci biyu Aminu Umar ya ci ɗaya a ragar Honduras. Wato a teburin Riyo Nijar na samanmu. Kuma ka ga yanda suke ɗaukar kokawar takobi, wato kokawar gargajiya da ake ba zakara takobi, da muhimmanci, duk shekara jiha jiha, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya cak ana saurare a rediyo.

In wani yana shakkar ko Zariya za ta iya, to ya tambayi tarihin Masai Ujiri. A nan garin ya tashi, a filin ƙwallon kwando na nan ya fara, a hannun wani koci Ba'amurke Oliver Johnson da ya zauna Samaru shekara da shekaru yana tara yara, Masai ya zo ya zama shugaban Toronto Raptors da suka ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019. Koci ɗaya ne fa da fili ɗaya na siminti da haƙuri. Haka tim ɗin da ta ci zinare a Atlanta 1996 ta doke Birazil 4 da 3 ta doke Ajantina 3 da 2, Garba Lawal da Tijjani Babangida da Daniel Amokachi da Celestine Babayaro duk ƴan Kaduna ne. Jihar nan ta karɓi gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009. Ga ABU da sashen koyar da ilimin motsa jiki, ga kwalejin ilimi, duk shekara ana yaye masu digiri a fannin nan su ƙare suna koyar da wani darasi daban don ba a ɗaukar malamin wasanni a bakin komai.

Maganar ƴan mata na san ita ce za ta fi jawo surutu, kuma ni uba ne, ba zan so ƴata ta fita da shigar da ba ta dace ba. Amma wa ya ce dole sai da ita? Feryal Abdelaziz ta Masar da kanta a rufe ta ci zinaren karate a Tokiyo. Sifan Hassan da ta ci gudun famfalaki a Faris da hijabi ta hau ta karɓi zinarenta a bikin rufewa duniya na kallo. A yi gasar mata zalla, malamai mata su kula, iyaye mata su zo kallo, dogon wando da riga mai dogon hannu, ba wanda zai ce uffan. In aka je wa iyaye da mutunci aka yi musu bayani, aka ce ga tallafin karatu a ciki, da yawa za su yarda, na gwada na gani.

Sannan akwai waɗanda ba su ci komai ba, su ma ina so a rinƙa ba mu labarinsu da daraja ba da dariya ba. Dokar Olamfik ta ware gurabe ga ƙasashen da ba su da wanda ya kai maki, don kar a yi taron duniya ba su. Ta haka Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini ya je Sidni a 2000, watanni kaɗan da fara koyon iyo a ɗan kududdufin otal, bai taɓa ganin wurin iyo mai mita 50 ba. Sauran biyun da za su yi tare, ɗaya ma ɗan Nijar ne, aka kore su don sun riga bindiga, ya rage shi kaɗai a ruwa. Ya yi mita 100 a minti 1 da sakan 52.72, dab da ƙarshe hannu ya ƙi ɗaguwa kaman zai nutse, jama'a suka miƙe tsaye suna mishi ihu har ya taɓa bango. Mutumin nan daga baya shi ya zama kocin iyo na ƙasarshi. Haka Hamadou Djibo Issaka na Nijar a Landan 2012, wata uku kacal ya yi yana koyon tuƙin kwale-kwalen tsere, ya zo na ƙarshe da tazara mai nisa amma bai tsaya ba sai da ya kai. Na ji samari a gidan kallon ƙwallo suna ta shewa da aka nuna irin wannan, raina ya ɓaci sosai, don wanda ya tsaya gaban duniya da tutar ƙasarshi a ƙirji ya san za a wuce shi amma ya ƙi ajiyewa ba abin dariya ba ne, kuma yawanci irinsu ne ke komawa gida su buɗe wa na baya hanya.

Na san wani zai ce malam ana fama da tsadar masara da rashin tsaro kai kana maganar guje-guje. Na ji, ni ma albashin nan ba ya kai ni ƙarshen wata. Amma yaran da ke zaune a kwalbati da yamma ba aikin yi, waɗanda muke kuka kullum sun faɗa shaye-shaye da sara-suka, ƙarfin jikin nan dole ya tafi wani wuri. Kuma abin da nake nema ba biliyan ba ne. Agogon gudu, tef, katifar kokawa guda biyu, littafin rubuta sakamako, da motar da za ta kai yara Kaduna, kuɗin rumfa da abincin manyan baƙi na intahaus ɗaya ya isa ya saye rabinsu.

Don haka Edita ga roƙona. Ku ware ko da kwata ɗin shafi ne duk mako na wasannin makarantu, a sa sunan makaranta da wasan da aka yi da lokacin da aka yi, mu malaman wasanni za mu rinƙa turo muku ta WhatsApp kyauta, in yaro ya ga an buga sakamakonshi a jarida ubanshi ma zai fara kallon abin da wani ido. Ku aika wakilinku ya zaga makarantun Zariya da Sabon Gari ya ƙirga nawa ne ke da fili har yanzu, nawa aka cinye, ya tambayi shugabannin ƙananan hukumomi da ƴan majalisarmu yaushe rabon da a yi gasar tsakanin makarantu ta shiyya. Masu kuɗinmu da ke sa kofin ƙwallo lokacin siyasa a tambaye su ko za su ɗauki nauyin gudu da kokawa na ƴan ƙasa da shekara 15, a yi shi duk shekara ba sai zaɓe ya matso ba, in fada ta sa albarka a haɗa shi da hutun ƙarshen zango. Kuma in gasar Los Anjalis ta 2028 ta zo, dan Allah kar ku tsaya a saman teburi, ku gangara ƙasa ku kawo mana labarin masu mutum huɗu da biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, wa ya gano su, a ina suka yi horo, wa ya biya kuɗin jirgi. Ni a shirye nake in taimaka da rubutu in kuna buƙata.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka, a gaida duk ma'aikata.

Naku,
Wani malamin wasanni,
Tudun Wada, Zariya.